Wane launi ne a jikin jiragen Hurricane da suka sauka Kano a 1940?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu sha'awar haɗa ƙananan samfuran jiragen sama. Ina neman shawararku a kan wani aiki da nake son farawa, wato samfurin jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Hawker Hurricane, kashi na farko, a ma'aunin 1/48, wato jirgi na gaske ya ninka shi sau 48 a tsawo, irin wanda kamfanin Airfix ya fitar mai matatar iska a ƙarƙashin hanci. Nufina shi ne in nuna shi yana tsaye a filin jirgin saman Kano a ƙarshen shekarar 1940, lokacin da ake ratsowa da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar, domin abin da ya ja ni ga wannan jirgi tun farko shi ne cewa irinsa ya taɓa sauka a garinmu.

Matsalar ita ce launi. Yawancin zane-zanen da nake gani na irin wannan jirgi suna nuna fentin ɓad-da-kama na hamada, wato ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi a sama, da shuɗi a ciki. To amma a wasu tsofaffin hotuna baƙi-da-fari da aka ce an ɗauke su a kan wannan hanya, launuka biyun da ke bayan jirgin sun kusa sajewa da juna, har sai mutum ya ƙura ido kafin ya ga iyakar da ke tsakaninsu, alhali kuwa da ruwan yashi ne ɗayan, ina tsammanin da ya fito fili da haske. Akwai kuma wani hoto mai launi da ke yawo a Facebook wanda ya nuna jirgin da kore da ruwan toka, abin da ya ƙara rikita ni.

Saboda haka tambayoyina su ne: wane fenti ne ya fi dacewa da jirgin da ya bi ta Kano a wancan lokaci, kuma ta yaya mutum zai tabbatar da launi daga hoton da ba shi da launi? Sannan idan an gano launin, wane gwangwani ne ya fi kusa da shi a cikin waɗanda ake iya samu, tunda kowane kamfani yana rubuta suna ɗaya a jikin gwangwaninsa amma abin da ke ciki ya sha bamban? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fagge. Ka zaɓi aiki mai kyau, kuma idonka bai yaudare ka ba game da waɗancan hotuna. A ganina, jirgin da ya sauka Kano a 1940 bai kamata a yi masa fentin hamada ba, kuma dalilin yana cikin yadda hanyar kanta take aiki.

Bayan da Italiya ta shiga yaƙi a ranar 10 ga Yuni 1940, kuma Faransa ta faɗi a wannan wata, kai jiragen yaƙi Masar ta Bahar Rum ya zama kasada, zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka a jirgin ruwa kuma yana cin makonni masu yawa. Shi ya sa aka koma kawo jiragen a akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, a gwada su, sannan a tashi da su zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Injamena a yanzu, Janaina, Fashir, Khartum, daga nan a bi kogin Nilu zuwa Masar, tafiyar da ta haura mil 3,500. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba na 1940, makonni kaɗan bayan da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙi tare da Birtaniya, a ranar 26 ga Agusta, wanda hakan ne ya buɗe sararin samaniyar Chadi ga jiragen Birtaniya. Galibi jirgin Blenheim mai inji biyu ne yake jan ayarin, domin shi ne ke ɗauke da mai duba hanya, su kuma ƙananan jiragen suna biye da shi. Kafin a wayi gari a ƙarshen 1943, fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya. Ba kuma sabuwar hanya ba ce ɗungurungum, domin tun a watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka Kano daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, mutumin da daga baya, a 1941, ya zama kwamandan sojan sama na hamadar yammacin Masar.

Abin lura a nan shi ne, jirgin da ke tsaye a Kano matafiyi ne da bai kai ga rundunarsa ba tukuna. Fentin da ke jikinsa shi ne wanda ya baro Ingila da shi, kuma a 1940 masana'antun Hawker da Gloster suna fitar da Hurricane ne da fentin da aka tsara wa ƙasashe masu ciyayi, wato Dark Earth, ruwan ƙasa mai duhu, da Dark Green, kore mai duhu da ya karkata zuwa launin zaitun. Waɗannan biyun suna da kusanci a nauyin duhunsu, shi ya sa suke neman sajewa a hoto baƙi-da-fari kamar yadda ka lura. Sai jirgi ya isa Masar ne yake shiga rumfunan gyara, domin doguwar tafiya cikin zafi da ƙura tana gajiyar da injinsa mai suna Merlin, kuma a can ne ake iya shafe koren da ruwan yashi mai suna Middle Stone. Ko a Masar ɗin ma ba duka aka sauya wa fenti nan take ba. Jirage da yawa sun yi yaƙin ƙarshen 1940 da farkon 1941, a hamada da kuma Girka, da korensu. Akwai wata alama da ke tona asirin jirgin da aka sake wa fenti a can: masu aikin sukan rufe lambar jirgin kafin su yi feshi, sai lambar ta tsira a kan wani ɗan fili mai duhu na tsohon kore, kewaye da sabon ruwan yashi.

Cikin jirgin shi ne ya fi buƙatar a duba kwanan wata. Har zuwa farkon Yuni na 1940, jiragen yaƙin da ke tsaron Ingila suna da ciki rabi baƙi rabi fari, domin masu tsaro a ƙasa su gane nasu. A ranar 6 ga Yuni aka ba da umarnin a koma launin da ake kira Sky, wanda duk da sunansa ba shuɗi ba ne, fari ne da ya sha ɗan kore da ɗan rawaya. Fentin ya yi ƙaranci a makonnin farko, har rundunoni suka riƙa amfani da abin da ya sawwaƙa, amma zuwa lokacin da ake ɗaure jiragen Takoradi a akwatuna, masana'antu sun riga sun kama sabon launin. Shuɗin da kake gani a zane-zane, wato Azure Blue, a ƙarshen 1940 ne aka haɗa shi a cibiyar bincike ta Farnborough, bayan da rundunar Gabas ta Tsakiya ta nuna cewa Sky ya yi haske da yawa a sararin samaniyarsu, saboda haka da wuya ya kasance a jikin jirgin da ya baro Ingila kafin ƙarshen wannan shekara.

Akwai wani tarko da ya kamata ka kauce masa. A ranar 27 ga Nuwamba 1940 aka umarci jiragen tsaron Ingila su sa zobe mai launin Sky a gaban wutsiya, su fente murfin hancin farfela da shi, su kuma mayar da ƙarƙashin fiffiken hagu baƙi. Jiragen Runduna ta 73, waɗanda jirgin ruwan yaƙi Furious ya kai gaɓar Takoradi a ƙarshen Nuwamba, sun baro Ingila tun tsakiyar watan, kafin wannan umarni, don haka ka bar murfin farfela baƙi, kada kuma ka sa zoben. Hoton Facebook mai kore da ruwan toka kuwa, sai ka ajiye shi gefe: wannan tsari na Ocean Grey da Dark Green sai a watan Agusta na 1941 aka kawo shi, kuma domin jiragen da ke tashi daga Ingila suna tsallaka teku zuwa Faransa aka yi shi.

Idan kuwa zuciyarka ta fi kwantawa da fentin hamada, mafita tana da sauƙi, sai dai ta ci maka sayen sabon akwatin samfuri: ka matsar da shekarar zuwa 1942, ka nemi Hurricane kashi na biyu. A lokacin jiragen da aka nufa da Gabas ta Tsakiya suna baro Ingila da Dark Earth da Middle Stone da Azure Blue tun daga can, kuma umarnin Ma'aikatar Sojan Sama mai lamba A.664 na watan Yuli 1942 ya zayyana wannan tsari a rubuce.

Mai Hoto Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga kowa, musamman Malam da ya yi mana wannan bayani. Mu a nan Damagaram waɗannan jirage ba su sauka wajenmu ba, domin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta yi sulhu da Jamus, har zuwa ƙarshen 1942, kuma kowane matuƙi ya san cewa idan ya kauce arewa daga Kano ya faɗa ƙasar da za a tsare shi. Zan yi magana ne a kan tambaya ta biyu, ta karanta launi daga hoto, domin ita ce ta shafi sana'ata.

A zamanin yaƙin akwai fim iri biyu na baƙi-da-fari. Na farko, wanda ake kira fankuromatik, yana jin dukkan launuka, kuma yana fitar da haskensu kusa da yadda ido ke gani. Na biyu, otokuromatik, ba ya jin ja, saboda haka duk abin da yake ja yana fitowa baƙi ƙirin, abin da ya karkata zuwa ruwan goro ko rawaya mai ƙarfi yana yin duhu, shuɗi kuma yana yin haske fiye da yadda yake. Ma'anar wannan ga aikinka ita ce, jirgi mai fentin hamada da aka ɗauka da fim na biyu yana iya fitowa da duhu, ruwan yashinsa ya matso kusa da ruwan ƙasa, har a zaci kore ne. Wato kusancin launuka biyu da ka gani hujja ce mai kyau, amma sai ka fara sanin irin fim ɗin kafin ka dogara da ita.

Hanyar ganewa tana jikin jirgin kansa. Tambarin da'ira da ke gefen gangar jirgi, tun daga watan Mayu na 1940, yana da ja a tsakiya, sai fari, sai shuɗi, sai zoben rawaya a waje. Idan a hoton zoben waje ya fito da haske kusa da fari, jan tsakiya kuma bai fi shuɗin duhu ba, to fim na farko ne, kana iya amincewa da abin da kake gani. Idan kuwa zoben ya yi duhu har ya nemi ɓacewa, jan ya fi shuɗin baƙi, to fim na biyu ne, sai ka yi hattara. Ko a fim na farkon ma, mai hoto yakan ɗora gilashi rawaya ko ja a gaban kyamara domin gajimare ya fito, wannan kuma yana haskaka rawaya yana duhunta shuɗi. Tutar da ke jikin wutsiya, mai ja da fari da shuɗi, tana ba da irin wannan shaida, kuma jan ne kullum yake gaba.

Bayan haka sai ka duba inda duhu da haske suka faɗa. Tunda wurin kore ne ake shafewa da ruwan yashi, filin da ya fi duhu a tsarin Ingila shi ne yake zama mafi haske a tsarin hamada. Idan kana da zanen tsarin a gabanka, ka zaɓi wuri ɗaya da ya fito sosai a hoton, ka ga ko filin da ya kamata ya zama kore ya fi maƙwabcinsa duhu ko ya fi shi haske. Wannan gwaji ya fi ƙoƙarin ƙiyasta launi da ido amfani nesa ba kusa ba.

Hotuna masu launi na gaskiya akwai su, domin fim ɗin Kodachrome ya fito tun 1935, sai dai kaɗan ne, kuma yawancin abin da ke yawo a intanet a yau tsofaffin hotuna ne da aka shafa musu launi da kwamfuta. Ita kwamfuta ba ta san umarnin 1940 ba. Abin da ta saba gani take shafawa. Ka nemi asalin hoton a taskar gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan, wadda take buɗe a intanet, ka karanta lambarsa da bayaninsa.

Jiragen gidajen tarihi ma kada ka ɗauke su hujja sai ka san tarihin fentinsu. Misali mafi zafi shi ne jirgin Kittyhawk mai lamba ET574 na Runduna ta 260, wanda ya ɓace a watan Yuni na 1942 aka kuma gano shi a hamadar yammacin Masar a 2012, da sauran fentinsa na asali a jiki bayan shekara 70. Da aka baje shi a gidan tarihin Alamain, sai aka gan shi da sabon fenti mai ƙyalli da bakin kifin shak a hanci, alamar da aka san Runduna ta 112 da ita, ba tasa ba. Masana tarihin jirage sun yi ta kuka da wannan, domin shaidar da hamada ta adana ta tafi a ƙarƙashin sabon feshi.

Bazazzage Mai Feshi ya amsa:

Malamai sun gama da tarihi da hoto, ni zan sauko kan gwangwani, kuma da izininsu zan ɗan saɓa wa masu neman launi guda tak da za a ce shi ne daidai.

Gaskiya ne cewa akwai ma'auni. Ma'aikatar Ƙera Jiragen Sama ta Birtaniya, wadda aka kafa a watan Mayu na 1940, tana raba wa masana'antu katunan launi, kuma ana duba fenti a kansu. Gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan ya fitar da littafi a 1976 mai ɗauke da umarnonin fenti na lokacin yaƙi tare da shafin launuka da aka yi da fenti na gaske, ba tawadar ɗab'i ba, kuma har yau shi ne abin da masu wannan sha'awa suke auna gwangwanayensu da shi. Amma lambobin da ake yawan kawowa a intanet ba na lokacin yaƙi ba ne. Jerin Amurka na FS 595 sai a 1956 ya fito, saboda haka idan an ce maka Dark Earth shi ne 30118, Dark Green kuma 34079, ana nufin mafi kusa ne kawai a wani jeri dabam. Jerin Birtaniya na BS 381C ya fi kusa, domin bayan yaƙi ya karɓi wasu daga cikin launukan: Dark Earth shi ne 450, Dark Green 241, Sky 210, Middle Stone 362. Sai dai a nan ma akwai rami, domin Azure Blue mai lamba 104 a wannan jeri launi ne dabam, mai duhu sosai, ba shi ne na cikin jiragen hamada ba, wanda yake da haske kuma yana da ɗan shunayya a cikinsa. Duk gwangwanin da aka haɗa shi a kan lamba 104 zai ba ka ciki mai duhun da bai dace ba.

Ga jirginka na 1940, abin da nake ba da shawara shi ne Tamiya XF-81 domin kore, da Mr. Color C369 ko Humbrol 29 domin ruwan ƙasa, da Mr. Color C368 ko Humbrol 90 domin ciki. Koren da za ka guje wa shi ne duk wanda ya karkata zuwa shuɗi, domin na asali zaitun yake nufa. Tambura kuma ja da shuɗinsu marasa ƙyalli ne, jan ma ya kusa launin jan bulo, lambar jirgi baƙa ce mai tsawon inci 8 a jirgi na gaske. Wurin zaman matuƙi kore ne mai ruwan toka.

Yanzu ga inda na saɓa. Kati ɗaya ne, amma kamfanoni da yawa ne suke dafa fentin, kuma jikin Hurricane ba abu ɗaya ba ne: fukafukai da hanci ƙarfe ne, gangar jiki daga bayan matuƙi zuwa wutsiya kuwa yadi ne aka ɗame a kan firam, kuma fentin da ake sa wa yadi ba haɗinsa ɗaya da na ƙarfe ba, haske ma ba ya kwanciya a kansu iri ɗaya. Duk wanda ya taɓa kai turmi biyu marinar Ƙofar Mata ya san cewa baba ɗaya ne, amma ba sa fitowa da shuɗi ɗaya sak. Sannan akwai batun nisa. Samfurin 1/48 da kake kallo daga rabin mita daidai yake da jirgi na gaske da ke nesa da kai da mita 24, kuma daga nesa launi yakan ɗan dushe. Wasu sukan ƙara ɗan fari saboda wannan, wasu kuma suna ganin ƙari ne marar tushe. Ni ina ƙara ɗigo kaɗan ga kore da ruwan ƙasa, amma abin da na fi kula da shi shi ne dangantakar da ke tsakaninsu: idan na ɗauki hoton gwajin da waya na mayar da shi baƙi-da-fari, ina son in ga sun kusanci juna kamar yadda suke a tsohon hoto, koren ya ɗan fi duhu kawai.

Kafin fenti ya taɓa jirgi, ka fesa shi a bayan farin cokalin roba, a kan irin fentin share fage da za ka yi amfani da shi, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka duba shi a inuwa da hantsi, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, domin launuka biyu suna iya dacewa a hasken ƙwai su rabu a hasken rana. A yanayinmu kuma fenti mai ruwa yana bushewa a bakin na'urar feshi, musamman da hunturu, ya sauka a jikin samfuri kamar gari. Ka tsinka shi sosai, ka yi aiki da sassafe, ka kifa kwali a kan samfurin da zarar ka gama saboda ƙura. Idan samun gwangwanayen waje ya yi wuya, masu haɗa fentin mota suna iya kwaikwayon launi idan ka kai musu samfuri, amma tinar da suke amfani da ita tana cin robar samfuri, saboda haka sai an yi share fage mai kyau an kuma fesa shi sama-sama, kuma dole a rufe da abin kashe ƙyalli daga ƙarshe.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya ƙara sani. Na koma kan hotunan da gwajin tambari, kuma a wanda ya fi fitowa sosai zoben waje fari-fari yake, filayen baya kuma duk masu duhu ne, saboda haka na tsaya a kan kore da ruwan ƙasa da Sky, da baƙin murfin farfela. Saura abu biyu. Takardar da ke cikin akwati ta nuna tsarin ɓad-da-kama iri ɗaya, amma a wani hoton na ga kamar an juya shi, abin da ke dama ya koma hagu. Sannan ina son in san iyakar tsufan da ya kamata in nuna a jikin fentin, tunda na ga masu yin jiragen hamada suna koɗar da launi sosai suna kuma kankare gefen fukafukai har ƙarfe ya bayyana.

Tsohon Malami ya amsa:

Abin da ka gani daidai ne, ba juyewar hoto ba ce dole. Har zuwa farkon 1941 masana'antu suna amfani da tsari biyu, A da B, ɗaya madubin ɗaya ne, ana sauya su daga jirgi zuwa jirgi a layin ƙira, sai a watan Janairu na 1941 aka tsaya a kan guda domin sauƙaƙa aiki. Ana yawan cewa lambar jirgi, mara ce ko cika, ita ke nuna tsarin da ya samu, amma wannan ƙa'ida tana karyewa daga rukuni zuwa rukuni, don haka ka bi hoton da ka zaɓa. Domin ka tabbatar ba a kifa fim ɗin wajen wankewa ba, ka duba lambar jirgin ko wani rubutu a hoton. Idan yana karantuwa daidai, to tsarin ne na biyu. Idan lambar ta fito duka, gidan tarihi na Hendon yana riƙe da katunan zirga-zirgar jirage, waɗanda ake kira Fom 78, kuma katin yakan nuna ranar da aka karɓi jirgi da ranar da aka tura shi ƙetare. Kada ka sa manyan haruffan runduna a gefe sai hoton ya nuna su, domin yawancin jiragen da ke kan hanya ba a riga an raba su ga kowa ba.

Game da tsufa, ka riƙe hannunka. Daga Takoradi zuwa Kano ta Legas wajen mil 900 ne, wato sa'o'i kaɗan na tashi a kan gwajin da aka yi bayan harhaɗawa, kuma kafin nan jirgin yana rufe a akwati ko a cikin jirgin ruwa. Rana ba ta sami lokacin koɗar da shi ba. Abin da ya dace shi ne ɗan baƙin hayaƙi a bayan bututun inji, ɗan tabon mai a ƙarƙashin hanci, gogewar takalmi kaɗan a gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke hawa, da jar ƙasa a tayoyi da murfinsu. Idan Satumba ka zaɓa, ƙarshen damina ne, sai ka sa ciyawa kore da ɗan laka a filin; idan Disamba ce, busasshiyar ciyawa da siririyar ƙurar hunturu a saman fukafukai. Ka kuma duba ko hoton ya nuna tankunan ƙarin mai a ƙarƙashin fukafukai, masu cin galan 44 kowanne, domin da su ake yin dogayen zangon wannan hanya, kuma idan babu su a cikin akwatinka sai ka nemo su dabam kafin ka rufe fukafukan.